Ba yawan darussa ne kaɗai matsalar firamare ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, dan Allah ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in tofa albarkacin bakina akan maganar sabuwar manhajar makarantu da gwamnatin tarayya ta fito da ita a 2025. Ni malamin firamare ne a makarantar gwamnati, kuma uba ne, dan haka abin ya shafeni ta ɓangare biyu.

Tunda aka sanar da manhajar nan hirar da ake ta yi a rediyo da Facebook ɗaya ce, an rage yawan darussa, 'yan aji 1 zuwa 3 zasu riƙa ɗaukar 9 zuwa 10, an kawo sana'o'i irinsu haɗa sola da ɗinki da kiwo da gyaran waya a ƙaramar sakandare. To madalla, babu wanda zai ƙi a sauƙaƙa wa yaro kaya. Amma mu da muke cikin aji ba yau muka fara ganin wannan ba, hukumar NERDC mai tsara manhajar makarantu ta kawo manhajar shekara tara, wato firamare da ƙaramar sakandare, a 2008, aka ce darussa sunyi yawa aka sake fasali aka fara aiki da shi a 2014, aka tattara kimiyya da fasaha da wasannin motsa jiki da kwamfuta aka basu suna ɗaya, aka haɗa noma da tattalin gida suma aka basu suna ɗaya. A takarda an haɗe su, amma a cikin aji babu abinda ya haɗu, malamin da ke rubuta bayani a allo yara suna kwafa shine dai yake rubutawa suna kwafa, in an kaɗa ƙararrawa ya fita wani ya shigo ya goge allon ya fara nasa, yaro kuma bai taɓa jin wani ya faɗa masa cewa abinda aka koya masa ƙarfe tara yana da dangantaka da na ƙarfe goma ba. Abinda nake so ayi magana akai shine yadda ake koyarwar.

Shawarata ita ce daga aji 4 zuwa 6 a wajabta wa kowace makaranta ta ɗauki jigo guda ɗaya a kowane zango, jigon da ke cikin rayuwar garin da makarantar take, yara suyi aiki akansa da hannunsu a cikin makaranta na wasu makonni, lissafi da kimiyya da Hausa da Turanci da tarihi duk su shigo ta cikinsa. Bance a rushe jadawalin darasi ba, a'a, darussa su cigaba yadda suke, kawai a ware misali darasi biyu na ƙarshe a rana ɗaya cikin mako.

Bari in bada misali da gyaɗa, dan ita mun taɓa gwadawa a ɗan fegin da ke bayan ajinmu kuma naga abinda ta haifar. Zango na uku yana zuwa daidai da faɗuwar damina. Kafin a taɓa ƙasa sai yara su auna filin da igiya, tsawo da faɗi, su fitar da girmansa, wannan lissafin da suke haddacewa basu san amfaninsa ba ranar zasu gane. Sai a tambaye su, in tazarar kunya da kunya kaza ce, kunya nawa zata shiga, in kowane rami za'a sa ƙwaya biyu ƙwaya nawa muke buƙata. Zaka ga yaron da kullum yake ɓuya a bayan aji shine ya fara bada amsa saboda yana bin babansa gona. Bayan mako guda a ƙirga wadda ta tsiro da wadda bata tsiro ba, kaga an shiga kashi cikin ɗari kenan ba tare da an tsorata kowa ba. Kowane rukuni yana da rula da littafi, duk mako su auna tsayin shukarsu su rubuta da kwanan wata, a yanke gorar ruwa ta roba a ajiye a fili ana auna ruwan sama da ita, a ƙarshen wata su zana jadawali su kwatanta makon da akayi ruwa da makon da ba'ayi ba.

Sannan a tuge guda ɗaya a wanke saiwar su ga 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikinta, a nan ne malami zai gaya musu wasu ƙananan halittu ne ke zaune a ciki suna jawo sinadari daga iska suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, shiyasa manomi yake shuka gyaɗa ko wake a tsakanin gero da dawa, kuma shiyasa gonar da akayi gyaɗa bana take yiwa hatsi kyau baɗi. Akwai wani abu da yake ba yara mamaki sosai, wato furen gyaɗa a sama yake fitowa amma 'ya'yan a ƙasa ake samunsu, in suka sa ido zasu ga bayan furen ya bushe wani ɗan tsinke yana fitowa ya sunkuya ya nutse cikin ƙasa, a bakinsa ne gyaɗar take ƙulluwa. Wallahi Malam Edita yara 'yan birni da yawa sun ɗauka a jikin saiwa take fitowa, kai har da manya. Ranar da yaro ya gano wannan da idonsa ba sai ka sashi ya haddace ba.

In aka dawo hutu a watan Satumba lokacin cira ya kusa. A cire, a shanya, a auna da mudu tana da ɓawonta, a ɓare a sake aunawa su ga nawa ta ragu, harawar kuma a ɗaure a tambayi masu kiwo nawa ake sayar da dami. Sai a gayyato wata uwa daga cikin iyayen yara mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta zo ta nuna musu suya da niƙa da matsar mai da yadda tunkuza take zama ƙuli, yara su tambayeta nawa ta sayi mudu, nawa ta biya inji, nawa itace, kwalba nawa take samu, su zauna su fitar da uwar kuɗi da riba. Matar nan wataƙila bata taɓa shiga aji ba amma ranar ita ce malama, kuma 'yarta da ke ajin zata koma gida kanta a sama.

Tarihi kuma ai ba sai an nemo shi ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, Turawa sun so manoma su rungumi auduga su kuma suka ga gyaɗa tafi musu riba, daga nan aka samu dalar gyaɗa da attajirai irinsu Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955. Yara su buɗe taswira su bi layin dogo daga Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna har Legas, su tambayi kakanninsu me ya kashe dalar, zasu ji labarin farin da akayi a farkon shekarun 1970 da annobar cutar gyaɗa ta 1975 da yadda kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, su rubuto abinda kaka ta faɗa da Hausa mai kyau, sannan su taƙaita shi da Turanci a layi biyar ko shida. Malamin addini ma yana da wurin shiga, in ana maganar amfanin gona sai a ɗauko gero ko dawa ayi lissafin zakka, ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar, rabin haka in ban ruwa akayi da wahala. Jigo ɗaya ne fa, amma duba darasi nawa ya ɗauko.

Na san wani zai ce ai makarantun kuɗi sun daɗe suna yin furojet, wato aikin hannu da ake ba yaro ya haɗo. Dan Allah a daina kiran wancan abin da sunan koyo. Ranar Juma'a a baiwa yaro ɗan shekara bakwai takarda ace ya zo ranar Litinin da gidan sama na kwali ko taswirar Najeriya da aka liƙa wa shinkafa da wake, ko jirgin sama mai fitila, waye zai yi? Uba ne zai tafi wajen kafinta ko mai zane ko shagon kwamfuta ya biya ayi masa, uwa ta kwana tana yanka kwali da gam, yaron yana barci. Ranar Litinin a jera su a ɗauki hoto a sa a Facebook, ɗan mai kuɗi yaci maki goma ɗan mai ƙaramin ƙarfi yaci uku ya koma gida yana kuka. Abin yana ɓata min rai ƙwarai saboda darasin da yaro ya ɗauka a nan shine ana iya sayen maki, kuma sunan wani zai iya hawa kan aikin da ba shi yayi ba. Na taɓa tambayar wata yarinya 'yar maƙwabta me sunan abinda ta kai makaranta tace ita dai Abba ne ya kawo. Aikin da ba'a yi shi a gaban malami ba, da kayan da ake samu kyauta ko da araha, bai kamata a bashi maki ko ɗaya ba.

Haka kuma a ɗaya gefen, mu na gwamnati muma muna da namu. Kwasar yara a kaisu gonar wani malami suyi masa noma ko roron wake ace aikin gona ake koya musu, wannan ƙwadago ne kyauta, zalunci ne. Bambancin a bayyane yake, in yaro bai auna ba, bai ƙirga ba, bai rubuta ba, bai yi tambaya ba, to ba karatu yayi ba.

Kuma kada a ɗauka wani sabon abu ne daga waje. Gaskiya ne a Amurka wani malami mai suna Kilpatrick, almajirin masanin ilimi John Dewey, ya yi rubutu akan wannan hanya tun 1918, kuma ƙasar Finland da ake yawan buga misali da ita tun 2016 manhajarta ta wajabta wa kowace makaranta aƙalla jigo ɗaya a shekara wanda zai haɗa darussa da yawa, ba tare da sun soke lissafi ko kimiyya a matsayin darasi ba kamar yadda wasu suke yaɗawa. Amma mu a nan ma makarantar da Baturen nan Hanns Vischer da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da ɓangaren sana'a, ana koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa. A farkon shekarun 1970 cibiyar ilimi ta jami'ar Ahmadu Bello Zariya tare da UNICEF da UNESCO sun gudanar da wani shiri na inganta firamare a jihohin arewa wanda aka gina shi akan yaro ya riƙa yin abu da hannunsa, kuma da Hausa ake fara koyarwa a wuraren da ake jinta. Iyayenmu da yayyenmu sunyi aikin hannu a firamare, tufkar igiya da saƙar faifai da mafici da ginin tukunya. Yadda abin ya mutu shine abin lura, a hankali aka koma cewa kowa ya kawo tsintsiya, sai yara suka koma sayowa a kasuwa, daga baya ma aka ce a kawo kuɗin kawai. A Tanzaniya ma shugaban ƙasa Nyerere ya kawo tsarin ilimin dogaro da kai a 1967, kowace makaranta da gonarta, amma a wurare da yawa ya koma noma zalla saboda jarabawa bata tambayar abinda akayi a gonar. Duk inda aka raba aikin hannu da karatun aji haka yake ƙarewa.

Yanzu bari in faɗi inda ni kaina nake da tsoro, dan bana so ace malami ya zo yana sayar da mafarki. Na farko kuma mafi girma shine karatu. Akwai yara a aji 5 da basa iya karanta jimla ɗaya da Hausa balle Turanci, kowane malamin gwamnati ya san haka. Yaron da bai iya karatu ba aikin rukuni wurin ɓuya ne a wajensa, shi zai ɗebo ruwa ya riƙe igiya, mai ƙoƙarin cikinsu ya rubuta komai, a ƙarshe a basu maki ɗaya. Shiyasa nace daga aji 4, 'yan aji 1 zuwa 3 a barsu da baƙi da wasali da ƙirga, a dage akai kullum da safe har sai sun iya, irin yadda shirye-shiryen koya wa yara karatu da Hausa sukayi, wato Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da kuma RANA a Katsina da Zamfara. Kuma ko a manyan azuzuwan dole kowane yaro ya zama yana da littafinsa na kansa da zai rubuta awonsa da hannunsa, malami ya kira shi shi kaɗai ya tambaye shi me ka gani, me yasa. Wanda aka gano bai iya karatu ba a ware masa lokaci, kar a bari jigo ya rufe matsalar.

Sai cunkoso. Ajin da yara sun haura ɗari suna zaune a ƙasa, malami ɗaya, ba zai iya fita dasu gaba ɗaya ba, gaskiya ne. Amma ana iya raba su, rukuni biyu su fita yau sauran suna rubutu, kuma tunda darasin na malamai da yawa ne to su haɗu mana su biyu ko uku a lokacin. Makarantar da ba katanga awaki zasu cinye shukar lokacin dogon hutu, nan ne kwamitin SBMC, wato na iyaye da mutanen gari masu kula da makaranta, da mai unguwa zasu yi amfani, ko ayi shingen ƙaya ko a shuka a tsofaffin buhuna da bokitai a ajiye gidan maigadi. Inda babu tsaro kuma babu mai cewa a fita da yara bayan gari, a kawo mai sana'ar cikin makaranta.

Sai mu malamai. Ba'a manta da jarabawar da akayi wa malaman firamare a Kaduna a 2017 ba inda aka ce 21,780 cikin kusan 33,000 basu ci ba, ko me mutum zai ce akan yadda akayi ta, ta nuna akwai gyara. Wannan hanya tafi rubutu a allo wahala nesa ba kusa ba, dan yaro zai jefo maka tambayar da babu ita a littafi, kuma dole ka shirya tun kafin zango ya fara. A kwalejin ilimi yawancinmu a allo aka koya mana cewa koyarwa da aiki tafi kyau, muka kwafa muka haddace muka rubuta a jarabawa. In ana so malami yayi to shima sai an sashi yayi da hannunsa tun yana karatun NCE na shaidar malanta, ba bitar kwana biyu a otal ba wadda rabin masu zuwa ma ba masu shiga aji bane. Kuma malamin da albashinsa baya kaishi tsakiyar wata kar a ce ya sayi iri da rula daga aljihunsa.

Maganar harshe ma tana nan. A 2022 an fitar da tsarin koyarwa da harshen uwa a firamare, a ƙarshen 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya tace an janye a koma Turanci. Ni dai abinda na sani shine yaron ƙauye ba zai iya yiwa mai ƙuli-ƙuli tambaya da Turanci ba, ba zai iya musu da abokinsa akan me yasa shukarsa ta ƙi girma da Turanci ba, in ka hana shi Hausa a wannan lokacin shiru kawai zai yi. A barsu suyi tunaninsu da gardamarsu da harshen da suke ji, sannan a taimaka musu su rubuta sakamakon da Turanci, a haka ma kalmomin sunfi zama tunda sun san abinda suke nufi.

Ba dole sai gyaɗa ba. Makarantar cikin birni da ba fili zata iya ɗaukar ruwa, jarka nawa gidanku ke saye a rana wajen 'yan garuwa, nawa kenan a wata, me yasa kwata take toshewa, ina sauro yake ƙyanƙyasa, a tace ruwa da yashi da gawayi a kwalba a gani. Yaran da ke kusa da Ƙofar Mata ga marina nan a gabansu, baba da toka da yadda zane yake fitowa kore daga rami iska ta buge shi ya koma shuɗi, kimiyya ce tsantsa. Na Argungu ga kogi da kamun kifi, na Dawanau ga kasuwar hatsi da awo da farashi. Yaran nan mata da suke talla kafin su zo ko bayan an tashi, lissafin canji a kansu yake kamar ruwa amma a takarda sai su faɗi, saboda babu wanda ya taɓa haɗa musu biyun.

Roƙona ga hukumomin SUBEB masu kula da ilimin firamare a jihohinmu shine tunda yanzu ake shiga sabuwar manhaja kuma dole za'a sake tsara jadawali, a saka wannan lokacin a ciki a rubuce, dan abinda baya cikin jadawali hedimasta bazai yarda ayi ba, yana tsoron masu duba makarantu su zo su tarar da aji babu kowa. A ware wani kaso na makin gwajin cikin zango a ɗora akan littafin aikin yaro da bayanin da yayi da bakinsa, kuma masu shirya jarabawar shiga sakandare su riƙa kawo tambayoyin da sai wanda ya taɓa awo da hannunsa zai amsa, in ba haka ba malamai da iyaye zasu ce ɓata lokaci ne. Kuɗin da ake buƙata ba mai yawa bane, iri da igiya da rula da littafi, a bi da shi ta hannun SBMC a kafe lissafin a bangon ofis kowa ya gani. A fara da makarantu kaɗan a kowace ƙaramar hukuma, na gari da na ƙauye, bayan shekara a gwada karatun yaran da lissafinsu a kwatanta da na sauran kafin a faɗaɗa. Masu makarantun kuɗi kuma ma'aikatar ilimi ta fitar musu da takarda a hana bada aikin da sai an kashe kuɗi a gida.

Ina kuma so in ji daga sauran malamai 'yan uwana, musamman na ƙauye da na makarantun 'ya'yan makiyaya, wane jigo ne zai dace da inda suke kuma me zai hana shi yiwuwa, su rubuto ta wannan fili.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin firamare daga jihar Kano